An kulle uwa, an ɗauke yara: yadda ake bin haƙƙi idan aure ya yi tsami

Yawanci haka abin yake farawa. Mata ta yi yaji, ta kwana goma a gidan iyayenta, ta koma ɗauko kayan sawa da katin asibitin yara, sai maigida ya ja ƙofa ya sa kwaɗo, ya karɓe waya, ya ce ba inda za ta. Ko kuma an riga an yi saki, tana gidansu tana idda, ranar Laraba yara suka tafi Islamiyya ba su dawo ba, da aka bincika sai aka ji goggonsu ce ta zo da Adaidaita Sahu ta kwashe su. Wani lokaci kuma mijin ne ke kuka: surukai sun riƙe masa mata, an yi biko sau uku an ƙi, wata shida bai sa 'ya'yansa a ido ba.

Mutane kan haɗa waɗannan duka su kira su rigimar gida. A wurin shari'a magana biyu ce daban. Tsare mutum ba da son ransa ba magana ɗaya ce, wa zai riƙe yaro kuma wata ce. Kowacce da kotunta, da hujjarta, da saurin da take buƙata. Wanda ya cakuɗa su yakan ɓata watanni yana buga ƙofar da ba tasa ba, yaran kuwa suna can suna sabawa da rashin ɗaya daga cikin iyayensu.

Mataki na farko: a tabbatar ko tsarewa ce

Kulle da muka sani a ƙasar Hausa, wato mace ta zauna a gidan mijinta ba ta fita sai da izini, ba shi ake nufi ba. Tsarewa ita ce a hana baligi mai hankali barin wani wuri bayan ya ce yana son fita: a rufe ƙofa da makulli, a sa maigadi ya tare, a ƙwace waya da kuɗin mota, a hana 'yan'uwa shiga, ko a yi barazanar cewa in ta taka waje ba ita ba ganin 'ya'yanta. Sashe na 35 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowane mutum 'yancin walwalarsa, sashe na 34 ya hana azabtarwa da wulaƙanci, kuma babu inda aka cire matar aure daga ciki. Dokar Final Kod ta Arewa ta ɗauki tsare mutum ba bisa ƙa'ida ba a matsayin laifi. Dokar hana cin zarafi ta 2015, wadda ake kira VAPP, ta tanadi ɗaurin da bai wuce shekara 2 ba ko tarar da ba ta wuce naira 500,000 ba, ko duka biyun, ga wanda ya tauye wa wani 'yancin walwala ba da umarnin kotu ba. Ita wannan doka a Abuja take aiki kai tsaye, jihohi kuwa sai wadda ta yi tata, kamar Kaduna da Bauchi da Jigawa, don haka a tambayi lauya wacce ce ke aiki a inda ake.

Addini ma bai goyi bayan mai kwaɗo ba. A Suratul Baƙara, aya ta 231, Allah Ya hana a riƙe mata don a cutar da su. Mijin da yake ganin matarsa ta ƙi masa biyayya yana da hanyar nasiha, da sulhu, da alƙali. Kurkuku ba ya cikin abin da sadaki ya saya masa.

Ga mijin da ke cewa surukai sun tsare masa mata, tambaya ɗaya ce za ta raba gardama: ita me ta ce? Idan da bakinta ta ce a gidan ubanta take son zama, babu tsarewa, sai dai rikicin aure, wanda wurinsa zauren sulhu ne ko kotun shari'ar Musulunci. Idan kuwa tana son komawa ɗakinta iyaye suka hana, to yana da magana, kuma alƙali zai so ya ji daga bakinta.

Mataki na biyu: a fitar da mutum lafiya

Idan akwai duka, ko ciwo, ko juna biyu, ko an hana abinci da magani, ba a jiran ranar zaman kotu. Wani daga dangi, wa ko kawu ko uba, ya je ofishin 'yan sanda mafi kusa ya nemi ganin DPO, ya rubuta ƙorafi, ya riƙe kwafi. Lambar gaggawa ta ƙasa ita ce 112. A Kano da jihohin da ke da Hisbah, sau da yawa sun fi saurin shiga gida saboda suna da ma'aikata mata, kuma maigida ya fi jin nauyin ya buɗe musu. Kada a tafi da gayyar samarin unguwa. A tafi da mai unguwa ko limami, mutanen da gobe za su iya tsayawa gaban alƙali su faɗi abin da suka gani: kwaɗon a waje yake ko a ciki, wa ke riƙe da makulli, me matar ta ce da aka buɗe.

Da an fito, asibiti kafin gida. A nemi likita ya rubuta abin da ya gani da kwanan wata. Rauni yana warkewa, takarda kuwa tana nan.

Idan 'yan sanda sun yi sanyin jiki, suka ce maganar miji da mata ce, akwai hanya biyu. Ta farko, a shigar da ƙorafi kai tsaye a kotun majistare, alƙali ya ba da umarnin bincike ko ya aika sammaci. Ta biyu ta fi ƙarfi: lauya ya shigar da ƙarar kare haƙƙin ɗan Adam a Babbar Kotu, bisa sashe na 46 na Kundin Tsarin Mulki da ƙa'idojin 2009 da aka yi domin irin wannan ƙara. Ƙa'idojin sun sauƙaƙa abubuwa da dama. Ba lallai sai wadda aka tsare ce za ta shigar ba, ɗan'uwa ko wata ƙungiya na iya yi a madadinta. Daɗewar lokaci ba ta kashe ƙarar. Da takardar rantsuwa ake gabatar da hujja, ba sai an jera shaidu ba. In akwai gaggawa, alƙali na iya ba da umarni tun kafin ya ji ɗaya ɓangaren, ya ce a kawo wadda aka tsare gabansa. Ana iya neman diyya kuma.

Sai dai a kula da wani tarko. Idan alƙalin Babbar Kotu ya duba ya ga ainihin abin da ake nema riƙon yara ne, an dai lulluɓe shi da rigar haƙƙin ɗan Adam, zai iya korar ƙarar ya ce ba hurumin wannan hanya ba ne. A nemi sakin wanda aka tsare a nan, a kai maganar riƙo inda ta dace.

Mataki na uku: kada a ƙwaci yaro

Wannan shi ne wurin da na fi son mai karatu ya tsaya, domin nan ne masu gaskiya suke ɓata gaskiyarsu. Uwa ta ji an kai yaranta ƙauye wurin kaka, sai ta ɗauki 'yan'uwanta maza su je su ɗauko da ƙarfi. Uba ya ji tsohuwar matarsa na shirin aure, sai ya tare yaro a hanyar makaranta. Daga ranar magana ta canza. Ɗaya ɓangaren zai garzaya wurin 'yan sanda ya ce an sace masa ɗa, a wayi gari ana neman beli maimakon neman riƙo. Alƙalin da zai yanke hukunci daga baya kuma ba zai manta wanda ya ɗauki doka a hannunsa ba.

Ga yaron kuma, abin da ya gani ya gani. Na san wata yarinya a danginmu da aka fizge daga hannun uwarta a bakin ƙofa tana da shekara biyar. Yau ta yi aure, amma har yanzu ba ta iya jin ana buga ƙofa da ƙarfi ba tare da gabanta ya faɗi ba.

Imam Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa Sayyidina Umar ya rabu da wata mata Ba'ansariya, uwar ɗansa Asim. Wata rana ya zo Ƙuba ya tarar da yaron yana wasa, ya ɗauke shi ya ɗora a kan dabbarsa. Kakar yaron ta wajen uwa ta biyo shi, suka yi jayayya har gaban Halifa Abubakar. Abubakar ya ce ya bar mata yaron, Umar bai ƙara cewa komai ba. Umar ke nan, da ƙarfinsa da matsayinsa, ya saki hannun ɗansa da aka yi hukunci.

Idan an kai ki ko an kai ka wurin 'yan sanda a kan rigimar riƙo, a san wannan: ɗan sanda ba alƙali ba ne, ba shi da ikon yanke wa zai riƙe yaro. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana kama mutum a kan rigimar da ba ta laifi ba ce, ta kuma hana kama wani a madadin wani, wato ba a kama tsohuwa don ɗiyarta ta ɓuya da jika. Wanda aka kama kuma dole a kai shi kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu, kwana biyu. Kada a sa hannu a takardar da ke cewa an sallama yara don kawai a samu a kwana a gida. In an tilasta, a gaya wa lauya washegari.

Mataki na huɗu: a tara hujja tun kafin a je ko'ina

Takardar saki, ko sunayen waɗanda aka yi sakin a gabansu. Takardar haihuwar kowane yaro daga Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa. Katin rigakafi da na asibiti. Rasit na kuɗin makaranta da sakamakon jarrabawa, domin su ne ke nuna wa ke kai yaro, wa ke biya, da ko karatunsa ya tsaya tun da aka ɗauke shi. Saƙonnin waya da na WhatsApp, musamman inda aka yi barazana ko aka amsa cewa yaran suna wuri kaza. Kada a goge, kada a sayar da wayar, domin sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 yana neman bayanin na'urar da saƙon ya fito daga cikinta kafin kotun da ke aiki da dokar ta karɓa.

A sayi ƙaramin littafi a riƙa rubuta rana da abin da ya faru: ranar da aka ɗauke su, ranar da aka je gani aka hana, wa ya raka, me aka ce. Bayan wata takwas, kai ba ya riƙe kwanan wata, lauyan ɗaya ɓangaren kuwa da shi zai rikita mai ba da shaida.

A kotun shari'ar Musulunci shaidun baki suna da nauyi ƙwarai, kuma ana duba adalcinsu da kusancinsu. Shaidar uba ko uwa ga ɗansu ba ta cika tsayawa ba. Maƙwabci, malamin makarantar yaran, mai unguwa, sun fi amfani.

Abu ɗaya da ba hujja ba ne: Facebook. Wanda ya baza hoton yara da zagin ubansu ko uwarsu a intanet ya ba abokin shari'arsa makami, ya kuma bar wa yaran abin da za su tarar in sun girma.

Mataki na biyar: sulhu, amma a rubuce

Aya ta 35 a Suratun Nisa'i ta ce a tayar da mai sulhu ɗaya daga danginsa, ɗaya daga danginta. Yawancin rigimar riƙo a nan take mutuwa, kuma ya fi wa kowa arha. Ana iya zama a gaban waliyyan aure, ko mai unguwa da dagaci, ko Hisbah, ko ofishin jin daɗin jama'a na ƙaramar hukuma. Abin da ke kashe sulhunmu shi ne kunya. A taru a yi addu'a, a ce ai ɗa na kowa ne, a watse ba a faɗi komai ƙarara ba, bayan sati uku a koma gidan jiya.

A rubuta: wurin wa yara za su kwana. Wace rana ɗayan zai gan su, a ina, wa zai kawo, wa zai mayar. Hutun makaranta da Ƙaramar Salla da Babba, yaya za a raba. Nawa uba zai bayar duk wata, ranar nawa, ta wace hanya. Wa ke biyan makaranta da asibiti. Ba a fita da su daga gari sai da sanin ɗayan. Kowa ya sa hannu, shaidu su sa, sannan a kai wa alƙali ya mayar da ita hukuncin kotu. Takardar da ba ta bi ta kotu ba, ranar da aka saɓa mata, sai dai a sake taron dangi.

Inda aka yi duka ko kulle da kwaɗo, kada a matsa wa mace ta zauna ɗaki ɗaya da wanda ya yi mata don a ce an yi sulhu. Waliyyinta ya wakilce ta.

Mataki na shida: kotun da ta dace, da abin da alƙali zai duba

Irin auren da aka ɗaura shi ke nuna kotu. Auren Musulunci, kotun shari'ar Musulunci, ko kotun yanki a Abuja da jihohin da ba su sauya suna ba. Auren rajista, Babbar Kotun jiha, ƙarƙashin dokar aure da saki ta 1970, wadda sashe na 71 nata ya ce maslahar yara ce gaba da komai. Auren gargajiya, kotun gargajiya. A jihohin da suka karɓi Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 ko suka yi irin tasu, akwai kuma kotun iyali.

A kotun shari'ar Musulunci ba dole sai da lauya ba. Ana zuwa wurin rajistara a faɗi ƙara, a biya kuɗin shigarwa, a karɓi rasit, a kai wa wanda ake ƙara sammaci. A faɗi abin da ake nema dalla-dalla: a dawo min da yara, a tabbatar min da riƙo, a yanka musu abin ciyarwa. Tun zaman farko a roƙi alƙali ya sa a kawo yaran kotu, ya kuma faɗi inda za su zauna kafin a gama shari'a. Wanda bai roƙi wannan ba zai iya shekara yana zarya yaran suna hannun wanda ya ɗauke su.

Alƙalanmu da mazhabar Malikiyya suke hukunci, kuma hukuncinta ya saɓa wa abin da al'ada ta saba mana. Mun taso muna jin cewa da an yaye yaro sai a mayar wa ubansa, ko in ya kai shekara bakwai. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukan malamanmu, ta ce riƙo bayan saki na uwa ne, namiji har ya balaga, mace har ta yi aure ta tare. Idan uwa ta rasu ko ta yi wani aure, riƙo ya koma ga kaka ta wajen uwa, sannan innar yaro, wato 'yar'uwar uwarsa, kafin a zo ga dangin uba. Asalin wannan hadisin matar nan ne da ta kai kuka wurin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cewa uban ɗanta ya sake ta yana kuma son ƙwace shi, ya ce mata ita ta fi cancanta da shi matuƙar ba ta yi aure ba.

Saboda haka auren uwa ba ya miƙa yaro ga uba kai tsaye, kuma nan ne maza da yawa suke mamaki a kotu. Haka nan idan wanda riƙo zai koma gare shi ya san ta yi aure ta tare, ya yi shiru har shekara ba da wani uzuri ba, malaman Malikiyya sun ce haƙƙinsa ya faɗi.

Uwa ma tana iya rasa riƙo. Ana neman mai riƙo ya zama mai hankali, mai amana, mai iya ɗawainiya, marar cutar da za ta shafi yaro, a wurin da yaro yake cikin aminci. Uban da ke cewa uwa ba ta cancanta ba, shi zai kawo hujja. Zargin baki, irin su ai yawo take yi, ba ya wadatarwa. Namijin da ke neman riƙo kuma sai ya nuna akwai macen da za ta kula da yaron a gidansa, kuma alƙali mai lura zai tambaya ko ita matar uban ta yarda. Sai maganar ƙaura: idan ɗayansu zai koma wani gari da zama na dindindin, mai nisan da malamai suka ƙiyasta da mil 72 ko fiye, hukuncin riƙo na iya canzawa. Tafiyar fatauci ko ziyara ba ta cikin wannan.

Ga iyaye maza, riƙo a hannun uwa bai cire ku daga rayuwar yaro ba. Uba shi ne waliyyi. Shi ke da alhakin ci da sha da sutura da magani da karatu, yana da haƙƙin ganin ɗansa da lura da tarbiyyarsa, shi zai aurar da 'yarsa. Uwar da ta hana uba ganin yara ba da dalili ba ta yi zalunci, kuma ana kai ƙararta a yi nasara. Aya ta 233 a Baƙara ta hana a cutar da uwa saboda ɗanta, ta kuma hana a cutar da uba saboda ɗansa, a jumla guda. Amma kuɗin ciyarwa ba kuɗin kallo ba ne da za a ce in ba a kawo su ba ba zan bayar ba. Haƙƙin yaro ne, ba na uwarsa ba.

A yi hattara wajen hul'i, wato mace ta fanshi kanta daga aure. Mace ta ƙosa ta rabu, sai a ce mata ta sallama riƙon yara a madadin sadaki, ta amsa don ta huta. Irin wannan sharaɗi yana iya ɗaure ta. Kada ta amsa sai ta yi shawara da malami ko lauya.

Wanda ba shi da kuɗin lauya ya nemi ofishin Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta Ƙasa a babban birnin jiharsa, ko ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA, ko Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa. Ba sa karɓar kuɗin aiki, sai dai a je da takardu a shirye, a kuma yi ta bibiya.

Mataki na bakwai: bayan hukunci

A nemi kwafin hukunci mai hatimin kotu a ranar ko cikin makon. Wanda bai gamsu ba ya ɗaukaka ƙara da wuri, domin wa'adin gajere ne, galibi kwana 30. Daga ƙaramar kotun shari'a ana zuwa babbar kotun shari'a, sai Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci ta jiha, wadda sashe na 277 na Kundin Tsarin Mulki ya ba ta hurumi a kan aure da riƙon yara, daga nan Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Tarayya, har Kotun Ƙoli. Ɗaukaka ƙara kaɗai ba ta dakatar da hukunci, sai an roƙi dakatarwar daban an kuma samu.

Idan an yi hukunci wanda ke riƙe da yara ya ƙi miƙawa, a koma kotun da ta yi hukuncin, ita za ta tura ma'aikatanta da 'yan sanda, kuma tana iya hukunta shi saboda raina umarninta. A roƙa a yi miƙawar a harabar kotu ko gidan mai unguwa, da rana, a zo da wata tsohuwa da yaran suka sani, a haɗo musu kayansu da littattafansu.

In akwai fargabar za a fitar da yara ƙasar waje, a faɗa wa alƙali tun ranar farko, a roƙi ya hana tafiya da su, a ajiye fasfonsu a kotu, a kai kwafin umarnin ofishin Hukumar Shige da Fice. Najeriya ba ta cikin yarjejeniyar Heg ta 1980 da ƙasashe ke bi wajen mayar da yaran da ɗaya daga iyaye ya tsallaka da su, don haka in sun riga sun fita, sai dai a je a buɗe sabuwar shari'a a can. Ga masu dangi a Maraɗi ko Damagaram kuwa, ba a buƙatar jirgi, motar haya ta safe ta isa, saboda haka umarnin kotun ya ambaci iyakar ƙasa da sunanta, a kuma kai wa shugaban makarantar yaran kwafi tare da sunayen waɗanda aka yarda su ɗauke su in an tashi.